Rina a Gida da Lambu: Dalilin Faɗanta a Ƙarshen Damina da Hanyoyin Magance Shi

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, daga tsakiyar watan Agusta zuwa farkon Oktoba, kuka da rina yakan yawaita a gidaje da lambuna da makarantu. Mai gida ya je gyaran danga ya komo da kumburarriyar fuska, uwargida ta shiga rumbu ta fito a guje, yaro ya jefi reshen gwaiba ya ɗebo abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne wani abu da muka gani da idonmu a wata makarantar firamare ta ƙauye, lokacin da muka je duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta. An komo daga dogon hutu ke nan, aka buɗe wani aji, wani yaro ya ja benci, ashe rina ta yi gida a ƙarƙashinsa. Kafin a ankara ta harbi yara da dama. Maganin da manyan yaran suka kawo shi ne tsumma da kananzir da ashana, ga kuwa rufin ajin silin ne a kan busassun katakai. Da ba a tare su ba, da an wayi gari babu rina, babu aji.

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa faɗan rina a wannan lokaci yana da dalilai sanannu, waɗanda suka danganci yadda gidanta ke girma da kuma irin ayyukan da mu kanmu muke yi a ƙarshen damina. Wanda ya san waɗannan dalilai zai iya rarrabe gidan da ya kamata a cire da wanda ya kamata a ƙyale, ya kuma san lokacin cirewa da yadda ake yi ba tare da an jawo hasarar da ta fi harbin ba.

2.0 Rina da Danginta

Da farko ya kamata mu tantance wadda muke magana a kanta, domin Bahaushe ya raba waɗannan ƙwari gida uku, kuma rabon nasa ya dace da na masana.

Akwai ƙudan zuma, wanda yake tara zuma a amya ko kogon itace. Jikinsa da gashi-gashi, kuma idan ya harbi mutum yakan bar ƙarinsa a cikin fata, shi kuma ya mutu.

Akwai zanzaro, mai ɗan siririn ƙugu, wanda daga gare shi aka sami kalmar "yin zanzaro" ga mai cusa riga cikin wando. Shi ne mai gina ɗan ɗakin laka a kusurwar bango ko bayan allo. Macen ita kaɗai take aikinta, ba ta da sarauniya, ba ta da runduna. Takan kamo gizo-gizo ko tsutsa, ta harbe shi ya sandare ba tare da ya mutu ba, ta cusa a ɗakin, ta yi ƙwai ta liƙe. Mun sha jin ana cewa zanzaro ba ya haihuwa, wai tsutsar da ya ɗauko ita ce take rikiɗa ta zama ɗansa. Gaskiyar magana ita ce tsutsar guzuri ce da uwa ta ajiye wa ɗan da zai ƙyanƙyashe. Zanzaro ba ya tsaron gidansa, ba kuma ya harbi sai an damƙe shi a hannu. Don haka babu dalilin fesa masa magani. In ginin ya ɓata bango, kankarewa ta wadatar.

Sa'an nan akwai rina, wadda ita ce abin nazarinmu. Ita zaman jama'a take yi. Takan kankaro ɓawon busasshen ice ko kara, ta tauna da yawunta har ya zama kamar takarda, ta gina saƙa mai ƙananan ɗakuna, ta rataye ta da ɗan siririn wuya a ƙarƙashin indararo, ko azara, ko reshe. Irin da ya fi yawa a gidajen Afirka ta Yamma shi ne wanda masana ke kira Belonogaster, watau doguwar nan mai launin ƙasa-ƙasa da ja-ja, sai kuma danginta Polistes da Ropalidia. Dukkansu saƙarsu a buɗe take, ana ganin ɗakunan, kuma ba kasafai mazauna gida guda kan wuce ɗari ɗaya ko biyu ba. Mata ne kaɗai ke harbi, domin ƙarin asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya sauya aiki. Da yake ƙarin rina ba ya maƙalewa a fata kamar na zuma, guda ɗaya tana iya harbi sau da dama.

A ƙasashe masu sanyi kamar Ingila da Jamus da arewacin Amurka, wadda ke damun mutane wata iri ce dabam, mai ratsin baƙi da rawaya, ana ce da ita Vespula. Ita takan lulluɓe saƙarta da bango, sau da yawa a cikin rami ko saman silin, kuma gida ɗaya kan tara ma'aikata dubbai. A Masar da Sudan da Saudiyya kuwa akwai wata babba ja, Vespa orientalis, wadda ke addabar masu dabino da masu kiwon zuma. Mun kawo waɗannan ne domin yawancin binciken da aka yi a kan faɗan rina a kansu aka yi shi, kuma watannin da suke tsananta, watau ƙarshen lokacin zafi a can, su ne watannin ƙarshen damina a nan.

3.0 Dalilin Tsanantar Faɗa

3.1 Yawa

Gidan rina da mace ɗaya yake farawa, ko kuwa 'yan mata biyu zuwa uku da suka haɗa kai. A farkon damina saƙar ba ta fi girman kwabo ba, kuma mai ita ta fi son gudu da faɗa, domin in ta mutu gidan ya mutu. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar rina ana ɗaukar fiye da wata guda. Ruwa na sauka, ganye na tohowa, tsutsotsi na yawaita, abinci na samuwa, sai zuriya ta bi zuriya. Kafin marka ta wuce, gidan da ya fara da uwa ɗaya ya cika da masu tsaro. Ke nan ko da halin kowace ɗaya bai sauya ba, yawan masu harbin ya ninka.

3.2 Abin da ake tsaro

A ƙarshen zamanin gida ne ake renon maza da kuma matan da za su kafa gidajen gaba. Wannan ita ce dukiyar gidan baki ɗaya, don haka tsaro yakan ƙaru. Rina mai buɗaɗɗiyar saƙa ba ta cika far wa mutum ba sai ta yi gargaɗi: za a ga sun juyo gaba ɗaya sun fuskanci mai zuwa, sun ɗaga fukafukai, sun miƙe a kan ƙafafunsu. Wanda ya ja da baya a hankali a wannan lokaci yakan tsira. Abin da ba su jurewa shi ne girgiza, kamar saran reshen da saƙar ke kai, ko buga ƙofa, ko jan benci. Bugu da ƙari, a nau'o'i da dama dafin yana ɗauke da wani wari da ke kiran 'yan'uwa. Shi ya sa wanda ya murƙushe guda ɗaya kusa da gida yakan ga saura sun taso masa.

3.3 Yunwar zaƙi

Babbar rina ba ta iya haɗiye nama, domin ƙugunta ya yi siriri, abu mai ruwa-ruwa kaɗai ke wucewa. Tsutsar da take kamowa 'ya'yanta take tauna wa. Su kuma 'ya'yan sukan fitar da wani ɗigon yawu mai zaƙi, manya su lasa. Masanin nan na Faransa, Émile Roubaud, ya bayyana wannan musaya a littafinsa na 1916 a kan rina da zanzaron Afirka, kuma a kan Belonogaster ɗin nan tamu ya lura da ita. A ƙasashen sanyi, idan sarauniyar Vespula ta rage saka ƙwai a ƙarshen Agusta, 'ya'ya sukan ragu, zaƙin gida ya yanke, sai dubban ma'aikata su bazu neman sukari a kan teburin abinci, da kwandon shara, da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Sanyin hunturu ne ke kashe su, sabbin sarauniyoyi kaɗai ke ɓuya su kai baɗi. Rinarmu ba ta kai waccan naci a kan kwanon abinci ba, amma ita ma tana bin fasasshiyar gwaiba, da gwanda, da ɓawon rake, da bakin kwalbar lemo. Har ila yau, mu ba mu da sanyin da zai share ta. Rani ne ke rage mata abinci, kuma inda akwai ruwa da ganye, kamar lambu da fadama, gida na iya daɗewa.

3.4 Namu laifin

Wannan dalili na huɗu shi ne aka fi mantawa da shi. Ƙarshen damina lokaci ne na shiga wuraren da aka daɗe ba a taɓa ba. Ana yankan ciyawar da ta rufe bayan gida, ana sassabe shinge, ana share rumbu domin sabon hatsi, ana gyaran rufin da ruwa ya ɓata, ana buɗe azuzuwan da suka yi makonni a kulle. Watau daidai lokacin da gidan rina ya kai iyakar cikarsa, a lokacin ne hannunmu ke kai gare shi. Rabin abin da muke kira faɗan rina karo ne tsakanin jadawalinta da namu.

4.0 Amfanin da Ba a Gani

Masu iya magana sun ce kowa ya sha zuma ya sha harbi. Ƙudan zuma ana yafe masa saboda zumarsa. Rina kuwa ana ganin harbi kawai take da shi. Amma wanda ya tsaya a gonar masara ko kuyar tumatir da hantsi zai gan ta tana bin ganye ɗaya bayan ɗaya, tana leƙa ƙarƙashinsu, tana zaƙulo tsutsa. Abincin 'ya'yanta ke nan, kuma galibinsa tsutsotsin da ke cin amfanin gona ne.

Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga farkon 2016, lokacin da aka fara tabbatar da ɓullar tsutsar nan mai cin masara, Spodoptera frugiperda, a Afirka, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da aka gan ta. A 2019 wasu masana, cikinsu har da Farfesa Seirian Sumner ta Landan, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Birazil, inda suka nuna cewa wata rina ta dangin Polistes ta rage wannan tsutsa da ɓarnarta a masara, ta kuma rage tsutsar da ke huda rake. Ga manomin da kuɗin maganin feshi ke yi wa wuya, gidan rina a gefen gona ma'aikaci ne da ba a biya. Saboda haka ƙa'idar "duk inda aka ga rina a ƙone" hasara ce.

5.0 Matakan Magancewa

5.1 Rigakafi

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga saukar ruwan farko, a riƙa zagaya gida sau ɗaya a mako ana duba ƙarƙashin indararo, da saman taga, da zaure, da makewayi, da rumfar dabbobi. Saƙar da ba ta wuce ɗakuna kaɗan ba ana iya kaɗe ta da doguwar sanda lokacin da mai ita ta fita, a kankare gurbin. A toshe ramukan bango da na silin tun ba su da mazauna, a sa raga a taga. Idan 'ya'yan itace suka fara nuna, a riƙa tsince waɗanda suka faɗo kullum, a rufe kwandon shara, a rufe kunu da zoɓo da duk abin sha mai zaƙi. Kada a sha daga gwangwani ko kwalbar da aka bari a buɗe a waje sai an zuba a kofi an duba, domin harbi a cikin baki ya fi kowane haɗari. Kafin a sa lauje ko adda a cikin duhuwa, a tsaya daga nesa a lura na ɗan lokaci: in ana ganin rina na shiga da fita wuri guda, to gida na nan.

5.2 A cire ko a ƙyale?

Muna ba da shawarar a yi wa kowane gida tambayoyi uku. Shin yana kan hanyar da mutane ke bi kullum, kamar taku uku ko huɗu daga ƙofa, ko rijiya, ko wurin wasan yara? Shin yana jikin abin da ake motsawa, kamar ƙofa, ko benci, ko reshen da za a girgiza? Shin a gidan akwai wanda harbi ya taɓa sa shi ƙaiƙayin jiki duka, ko shaƙewa, ko suma? In amsar ɗaya daga ciki "i" ce, a cire. In duka "a'a" ne, kamar gidan da ke can ƙololuwar itace ko ƙarshen gona, a sa alama, a gargaɗi yara, a bar shi ya yi aikinsa.

5.3 Yadda ake cirewa

Lokacin da ya dace shi ne bayan faɗuwar rana ko da asuba, sa'ad da duka suka taru a kan saƙa kuma jikinsu ya yi sanyi. A kawar da yara da dabbobi, a share hanyar ja da baya. Mai aikin ya sa tufafi masu kauri da suka rufe hannu da ƙafa, ya ɗaure bakin wando da na hannun riga, ya rufe kai da wuya, ya kare idanu. Kada ya riƙe tocila yana haska saƙar, domin hasken za su biyo. A ajiye ta a gefe, in da hali a rufe ta da jan ƙyalle, tun da rina ba ta ganin jan haske sosai.

Ga buɗaɗɗiyar saƙa wadda hannu ke kaiwa daga ƙasa, ruwan sabulu mai kauri ya isa. A kaɗa garin sabulu a ruwa, a zuba a famfon feshi mai tsabta, a jiƙe saƙar sharkaf a tashi ɗaya. Ƙwari ta wasu ƙananan ƙofofi da ke gefen jikinsu suke numfashi, sabulu kuwa yakan sa ruwa ya manne musu ya toshe ƙofofin, ya kuma hana su tashi. Ana iya amfani da maganin feshi na gwangwani da aka yi domin ƙwari masu tashi, a bi umurnin da ke jikinsa. Washegari, in babu motsi, a kaɗe saƙar a binne.

Akwai abubuwa huɗu da ba a yi. Ba a sa wuta, ba a watsa fetur ko kananzir, domin garin gyaran gira ake rasa ido. Ba a hawa tsani ko bango don a kai ga gidan rina, domin faɗowar ta fi harbin illa. Ba a toshe bakin ramin da rina ke ciki, domin za ta nemi wata mafita, wataƙila ta cikin ɗaki. Ba a kuma zuba fiya-fiya a cikin ɗakin kwana ko kusa da abinci. Sinadarin da ke cikinsa, daikulobos, guba ne ga mutum, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa na aikin gona a kasuwanni da kantuna domin amfanin gida. Gidan da ke cikin silin, ko mai tsawo, ko mai girma ƙwarai, aikin ma'aikatan feshi ne masu kayan kariya. In kuma aka duba aka ga ƙudan zuma ne, a nemi mai kiwon zuma ya kwashe su da ransu.

6.0 Idan An Yi Harbi

Wanda rina ta taso wa ya rufe fuska ya bar wurin da sauri, kai tsaye, ba tare da kaɗa hannu ba. Ga yawancin mutane harbi ɗaya ko biyu zafi ne da kumburi na ɗan lokaci. A wanke wurin da sabulu, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma ko ƙyalle mai ruwan sanyi, a cire zobe ko warwaro kafin kumburi ya kama, a sha maganin rage zafi kamar farasitamol. Kada a tsaga wurin, kada a shafa laka ko toka, don kada a mayar da harbi gyambo. Wani kumburin yakan faɗaɗa har kwana biyu kafin ya fara sacewa.

Amma akwai mutane ƙalilan da jikinsu ba ya karɓar dafin ko kaɗan, kuma harbi guda na iya halaka su cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Alamomin su ne ƙuraje da ƙaiƙayi a wuraren da ba a harba ba, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, wahalar numfashi, amai, jiri ko suma. Duk wanda aka ga haka gare shi a garzaya da shi asibiti nan take, a kwance in jiri yake ji, a zaune in numfashi ne ya yi wuya, kada a sa shi tafiya da ƙafa. Maganinsa allurar adiranalin ce a cinya, ba jiƙo ba, ba tofi da jira ba. Haka nan wanda aka harba a baki ko maƙogwaro, da ƙaramin yaron da ya sha harbi da yawa, da wanda fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu bayan harbi masu yawa, domin dafi mai yawa yana taɓa ƙoda.

Kada a ɗauki wannan da wasa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya mutum 1,109 da harbin rina da zuma ya kashe a ƙasar daga 2000 zuwa 2017, watau kimanin 62 a shekara, kuma wajen kashi 80 cikin ɗari maza ne. A lardin Shaanxi na ƙasar Sin, wata ƙatuwar rina ta kashe mutum 42 ta jikkata fiye da 1,600 tsakanin Yuli da Oktoba na 2013.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa rina takan tsananta a ƙarshen damina saboda gidanta ya cika, tana tsaron zuriyar gaba, tana neman zaƙi, mu kuma a lokacin muke kutsawa inda take. Mun kuma ga cewa tana yi wa manomi aikin da ba a gode mata. Da yake mu masu horar da malamai ne, shawararmu ta ƙarshe ga makarantu take. Ya kamata kowane shugaban makaranta ya sa a zagaya azuzuwa da makewayi kwana biyu ko uku kafin yara su komo daga dogon hutu, a duba ƙarƙashin bencina da bayan alluna. Ya kamata a tambayi iyaye tun ranar ɗaukar yaro ko harbi ya taɓa kai shi asibiti, a rubuta. Sa'an nan a darasin kimiyya da na aikin gona a fita da yara su tsaya daga nesa su kalli rina tana farauta a kan ganyen masara, a nuna musu bambancinta da zanzaro da zuma, a koya musu alamun gargaɗinta. Yaron da ya san abin da ɗaga fukafukai ke nufi zai ja da baya tun kafin a harbe shi, kuma ranar da ya zama mai gida ba zai ɗauko ashana ba.